Ranar da Zara Ta Bi Ta Gaban Rana

Mai walda bai taɓa damuwa da sama ba. Shi ƙarfe ya sani. In ya yi ja a buga, in ya tsage a ɗinke. Shekara talatin da ɗoriya yana tsugune a bakin shagonsa yana haɗa ƙyamare da tagogi da gadaje, har tartsatsi ya mayar da gaban rigunansa kamar rariya. Idonsa na hagu ma a nan ya tafi, ranar da wani ɗan ɓarɓashin ƙarfe ya tashi daga dutsen gurza ya shige ciki. Tun daga nan da ido ɗaya yake aiki, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙyaure ya ce ya karkace.

Mai damuwa da sama yayansa ne. Yaya ya yi boko, ya yi aikin safiyo, wato auna ƙasa, shekaru yana yawo a daji da abin awo mai ƙafa uku yana leƙe yana rubutu. Mai walda kuwa a aji uku ya yi sallama da makaranta. Su biyu kaɗai uwarsu ta bari a duniya, shi ya sa har yau, da furfura a gemunsa, Yaya da matarsa suke kiransa Auta.

Da Yaya ya bar aiki sai ya koma leƙen taurari. Ya samo wasu gilasai masu kauri, ya jera su a cikin wani farin bututun ruwa da ya kusa tsawon mutum, ya ce wannan madubin hangen nesa ne. Ƙafafun da madubin yake tsayawa a kai, da marikin da ake juya shi, Auta ne ya haɗa. Iyakar rabonsa a harkar ke nan. In sun hau saman rufin gidan Yaya, maganar ba ta wuce biyu: "Auta, riƙe nan." "Auta, kar ka taɓa can."

Shekara takwas da suka wuce Yaya ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce tauraruwar nan da ake gani da yamma ana ce mata Zara, da wadda ake gani da asuba ana ce mata Gamzaki, duk abu ɗaya ce. Ya ce duniya ce guda kamar tamu, ita ma tana zagaya rana. Wani lokaci takan shiga tsakaninmu da rana, sai a gan ta baƙin ɗigo tana ratsa fuskar ranar daga wannan gefe zuwa wancan.

"Sau biyu take yi, Auta. Yanzu, da kuma nan da shekara takwas. Daga nan sai bayan shekara ɗari da wani abu. Kakanmu bai gani ba, jikokinmu ma da wuya."

"To in an gani sai a yi me?" in ji Auta.

"Sai a ce an gani."

A wancan karon sun shirya tsaf. Yaya ya ce ba a sa ido a madubi in yana kallon rana, ko da wasa. Farar takarda ake riƙewa a bayan ƙaramin bakin madubin, inda aka saba sa ido, sai hoton ranar ya faɗo a kanta. Auta ne ya riƙe takardar. Ya riƙe ta tun hantsi har hannunsa ya yi tsami, hadari bai matsa ko da taku ɗaya ba. Da yamma Yaya ya naɗe takardarsa yana dariya.

"Saura ɗaya, Auta. Shekara takwas ai ba komai ba ce."

Ya sauko ya rubuta kwanan watan da baƙin alƙalami a jikin bangon ɗakinsa, daidai saitin gado.

A shekara ta shida ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi, sai gurnani da guntun kalma ɗaya ko biyu in ya matsa wa kansa. Likita ya ce zuciyar ma ta gaji, kada a sa rai da yawa. Mutumin da ya auna hanyoyi da ƙafarsa ya koma sai an juya shi. Abu ɗaya ne bai bari ba. Kullum Auta ya zo da yamma ya yi masa wanka ya canza masa riga, sai Yaya ya ɗaga hannun hagun nan ya nuna rubutun bango.

"Na gani, Yaya. Saura wata uku." Daga baya: "Saura sati biyu."

Matar Yaya mace ce mai baki, kuma jinyar shekara biyu ba ta rage mata shi ba, sai ma ƙara masa kaifi da ta yi.

"Kai ma ka biye masa?" ta ce wata rana tana matse zanin gado a tsakar gida. "Mutum ko cokali ba ya iya riƙewa, za ku ɗora shi a saman rufi kamar buhun siminti."

"Ɗora shi za mu yi."

"In ya suɓuce muku a matakala fa?"

"Ba zai suɓuce ba. Kujera zan haɗa masa mai mariki huɗu."

"Autan da ya yi furfura bai yi hankali ba. Ni dai na faɗa, in ya mutu a can sama kai za ka sauko da shi."

"In ya mutu sai ki dawo wurina, dama na daɗe ina jira."

"Allah ya kiyaye. In auri mai ƙaurin ƙarfe? Ido ɗaya kamar allura?"

Suka yi dariya su biyu, gajeriya. Daga ɗaki Yaya ya yi gurnani, ba a san ko dariyar yake taya su ba ko fitsari ne ya matse shi.

Saura kwana goma Auta ya hau rufin shi kaɗai da hantsi, ya kwance buhun da aka lulluɓe madubin da shi, ya goge ƙura, ya zuba mai a marikin. Ya yi yadda ya ga Yaya yana yi: ba a kallon rana a saita, inuwar bututun ake kallo a ƙasa, a yi ta juyawa har ta dunƙule ta zama ƙaramar da'ira. Ya riƙe takarda a bayan ƙaramin bakin. Hoton rana ya faɗo, fari fat, bai wuce faɗin murfin kofi ba, yana rawa saboda iska.

Ya daɗe yana kallonsa. Ransa bai yi masa daɗi ba.

Wannan ai ba rana ba ce, inuwar rana ce. Mutum ya jira shekara takwas, biyu daga ciki a kwance cikin fitsarinsa, a ƙarshe a nuna masa inuwa a takarda? Kamar a ce wa mai jin ƙishirwa ga hoton randa. Kuma idon Yaya ya yi rauni, wuyansa ba ya juyuwa sosai. In iska ta kaɗa takardar, ko haske ya wanke hoton, shi ke nan.

A nan tunanin ya zo masa. Yaya ya san littafi, ba musu. Amma wa ya san haske mai makanta mutum? Wa yake kallon wutar da ta fi tsakar rana ƙuna tun safe har yamma, shekara talatin, da ido ɗaya tak, kuma idon yana nan garau? Sau ɗaya a rayuwa harkar Yaya ta shigo shagonsa.

Ya koma shago ya buɗe akwatin da yake ajiye gilasan hular walda. Ya zaɓo mafi duhu, lamba sha huɗu, wanda ba ya sa shi sai in aikin babban ƙarfe ne. Ya fita bakin titi ya ɗaga shi ya kalli rana. Ga ta nan, koriya shar, zagaye, a sanyaye kamar wata. Ya ƙara na biyu a kai don a samu natsuwa. Ya yanka ɗan guntun bututun ƙarfe, ya yi masa gurbi, ya zaunar da gilasan biyu, ya yi masa kusoshi uku na ɗaurewa. Murfi ne da zai zauna daidai a ƙaramin bakin madubin, inda ake sa ido.

A ƙaramin bakin ya yi niyyar sa shi, ba a babban bakin da ke fuskantar sama ba. Ko tunanin wancan bai yi ba. A sana'arsa baƙin gilashi wuri ɗaya yake zama: a gaban ido. Ba wanda yake rufe wuta da gilashi, fuska ake rufewa.

Wani tela da ke shago na kusa ya leƙo da zare a baki.

"Maƙwabci, wannan kuma murfin tukunyar wa?"

"Na kallon rana ne."

"Rana kuma? Ba ga ta nan kullum tana gasa mu ba, sai an yi mata murfi?"

"Wata tauraruwa ce za ta bi ta gabanta ranar Laraba."

"Da rana tsaka? Tauraruwa?" Tela ya cire zaren daga baki. "Kai, hayaƙin nan da kake shaƙa ya fara hawa sama."

"Ka zo ka kama mini kujera dai. Bayan asuba."

"Zan zo. Ko ba komai in ga ƙarshen hauka."

Bai nuna wa Yaya murfin ba. Ya san abin da zai ce, ko da ba ya iya cewa.

Ranar Laraba gari na wayewa suka ɗaure Yaya a sabuwar kujerar da tsohon rawani a ƙirji da ƙugu. Auta ya kama baya, tela ya kama gaba, matar Yaya tana biye da filo da farar takarda mai kauri tana zuba umarni.

"A hankali! Ku kula da kansa! Tela, kai ba ka ci abinci ba ne?"

"Hajiya, ni allura nake ɗauka, ba mutane ba."

Yaya ba nauyi gare shi ba. Abin da ya fi damun Auta ke nan a matakalar. Mutumin da ya taɓa goya shi ya ƙetare kwata da shi, yau bai kai nauyin ƙyauren banɗaki ba.

A saman rufi akwai tankin ruwa, da igiyar shanya, da tsohuwar tayar mota. Suka ajiye kujerar kusa da madubin. Bisa lissafin da Yaya ya bari a littafinsa, wanda matarsa ta karanta musu, rana za ta fito ne Zara ta riga ta yi nisa a kanta. Abin da zai rage musu bai kai awa biyu ba.

Gabas kuwa hadari ne, toka-toka, shimfiɗe kamar bargo.

Tela ya zauna a kan taya. Matar Yaya ta gyara wa mijinta filo, ta goge masa yawu da bakin zaninta. Yaya ya kafa wa gabas ido, hannun hagunsa yana buɗewa yana rufewa a kan gwiwa. A ƙasa gari ya tashi, ana jin masu babura da ƙarar buɗe shaguna. Rabin awa ta wuce. Awa ɗaya ta wuce.

"Ita dai wannan tauraruwar ba ta son gidan nan," in ji matar Yaya. Ba da wasa ta faɗa ba.

Sai bargon ya fara yagewa daga ƙasa. Haske ya zubo a kan rufin maƙwabta, ya hau tankin ruwa, ya sauka a fuskar Yaya. Rana ta fito fili, ta riga ta ɗaga, da zafinta.

"Saura minti nawa?" in ji Auta.

Ta duba agogon Yaya da ke ɗaure a hannunta. "Arba'in, in lissafinsa daidai ne."

"Lissafinsa bai taɓa kuskure ba."

Ya juya bututun har inuwarsa ta dunƙule. Matar Yaya ta matso da takarda. Shi kuwa sai ya sa hannu a aljihu ya fito da murfin, ya zura shi a ƙaramin bakin, ya fara ɗaure kusoshi.

Yaya ya ga abin. Ya ga baƙin gilashin, ya ga inda aka sa shi. Wani irin sauti ya fito daga maƙogwaronsa. Ya ɗaga hannun hagu ya doki marikin kujera, ya sake doka, ya nuna takardar da ke hannun matarsa.

"Tak... tak..."

"Na ji, Yaya. Takarda. Na sani."

"Tak!"

"Yaya, ka saurare ni. Takarda inuwa ce. Ni da idonka nake so ka gan ta, ita kanta. Gilashin nan lamba sha huɗu ne, har biyu. Na gwada."

Yaya ya girgiza kai iyakar yadda wuyan ya yarda. Jijiyoyin goshinsa suka tashi. Ya miƙa hannu zai kamo rigar ƙanensa, rawanin da aka ɗaure shi da shi ya hana.

"Auta, ka bi abin da yake so mana," in ji matar Yaya. "Kayansa ne."

"Littafi nasa ne, wuta tawa ce. Shekara talatin ina kallonta. Bari in saita masa, minti ɗaya, sai mu matso da kujerar."

Ya sunkuya ya ɗora idonsa na dama, mai kyan, a kan murfin.

Ya ga kore. Wani ƙaton haske kore mai laushi ya cika ko'ina, gefensa a dishe. Ita ce. Bai taɓa ganin ta da girma haka ba. Zuciyarsa ta buga. Ya kama ɗan abin da ake murɗawa hoto ya fito sosai, ya murɗa dama, ya ƙara dishewa, ya dawo hagu. Yana jin Yaya yana dukan kujera a bayansa kamar mai buga ƙofa. Yana jin wani ɗumi a gefen hancinsa, da wani ɗan wari kamar na fenti a kan ƙarfe mai zafi. Ya san warin. Da a shago ne da ya ja baya. Amma gefen ranar ya fara fitowa sak kamar an yanka da reza, saura kaɗan, ɗigon yana nan wani wuri, saura kaɗan.

Ƙas!

Ƙaramar ƙara ce, kamar an taka ƙwan fitila. Duk hasken da babban gilashin gaba ya tattaro ya matse shi wuri ɗaya ya dafa baƙin gilasan har suka tsage biyu. Fari ya shigo. Ba irin farin walda ba, wanda yake ba mutum damar kawar da kai. Wannan kafin ya ƙifta ya riga ya gama aikinsa.

Ya ja baya ya yi tuntuɓe da tayar, ya zauna daɓas a kan siminti, tafin hannunsa a kan ido.

"Inna lillahi!" in ji matar Yaya. Takardar ta faɗi.

"Maƙwabci! Maƙwabci, lafiya?"

"Ba komai. Ba zafi." Gaskiya ya faɗa, ba zafi. Ya cire hannun ya buɗe idon. Ya ga siminti a gefe, ya ga ƙafar tela a gefe, ya ga igiyar shanya a sama. A tsakiya kuwa, duk inda ya kai dubansa, wani baƙin tabo ne mai shuɗin baki, kamar an ɗora masa babban yatsa. Ya ƙifta. Ya murza. Yana nan.

"Tashi mu tafi asibiti," in ji tela, ya kama hammatarsa.

"Sake ni. Minti nawa?"

"Auta, kana hauka ne? Idonka..."

"Matar Yaya, minti nawa na ce!"

"Ashirin da biyar."

Ya miƙe yana laluben bututun. Murfin ya ƙona masa yatsu, bai saki ba sai da ya kwance kusoshin ukun ya jefar da shi. Ya ji gutsattsarin gilashi sun watse a kan siminti.

"Ya goce, na ture shi da na faɗi. Tela, zo nan. Kar ka kalli sama, kar ka kusanci bakin nan da fuskarka. Kalli inuwar bututun a ƙasa. Juya har ta zama ƙwallo."

"Ban iya ba, maƙwabci."

"Ka zura zare a allura shekara nawa? Juya!"

Tela ya juya, ya wuce, ya dawo. Matar Yaya ta ɗauki takardar ta riƙe inda Auta ya ja hannunta ya ajiye.

"Ya fito?"

"Wani farin abu ya fito."

"Ja baya kaɗan. Kaɗan. Ya fito sosai?"

Can ta ce, da wata murya da ba ta saba yi ba, "Akwai ɗigo. Can kusa da baki. Baƙi ƙirin, zagaye."

"Ita ce. Matso wa Yaya da ita. Tela, juyo kujerar. Yaya, ga ta! Ga Zararka nan, a takarda, yadda ka ce. Duba!"

Ya durƙusa a gefen kujerar. Hannun hagun Yaya ya sauka a wuyan rigarsa ya damƙe. Bai san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikin ba. Ya juyo ya kalli yayansa, bai ga fuska ba. Ya ga kunne, ya ga hula, ya ga kafaɗa. Inda fuskar take, baƙin tabon ne.

"Yana kallo?"

"Yana kallo," in ji tela da sauri. "Yana kallo, maƙwabci."

"Matar Yaya, yana kallo?"

Ita ba ta iya ƙarya ba, ko a ranar da ƙarya za ta yi amfani.

"Ba ya kallo. Kai yake kallo."

"Yaya, don Allah. Don darajar iyayenmu. Ni ba abin da ya same ni, ɗan haske ne, zuwa yamma zai washe. Juya ka duba."

Ya sa hannu biyu ya kama kan Yaya zai juya shi wajen takardar. Yatsunsa suka ji jiƙa. Kuncin duka biyu a jiƙe suke, har wanda ya shanye. Wuyan nan da ba ya iya riƙe kansa ya ƙi juyuwa. Yaya ya saki rigar, ya ɗora yatsunsa a kan fatar idon ƙanensa, yana shafawa, yana wani sauti ƙasa-ƙasa kamar yadda ake lallashin jariri.

"Ta kusa baki," in ji matar Yaya. "Malam, ka duba mana. Shekara takwas kana nuna mini bango. Ga ta nan, ko sau ɗaya ka duba."

Bai duba ba.

"Ta taɓa baki."

Iska ta kaɗa takardar, tela ya sa hannu ya danne gefe. A ƙasa wani yana ta danna hon.

"Rabinta ya fita," in ji matar Yaya. Can kuma: "Ta fita."

Ta sauke takardar. Ta tsaya tana kallon mazan nan biyu, ɗaya a ɗaure a kujera, ɗaya a durƙushe.

"Wannan ɗan abin," ta ce. "Wallahi bai fi kashin ƙuda ba. A kan wannan?"

Ta naɗe takardar.

Likitan ido ya haska, ya ɗiga magani, ya sake haskawa. Ya ce can cikin idon, daidai wurin da mutum yake ganin abin da ya kalla, ya ƙone. Ya ce ba a ɗinke wurin, ba a canza shi. Wataƙila tabon ya ɗan rage nan da wata shida, wataƙila kuma a'a. Da ya ji yadda abin ya faru sai ya ajiye alƙalami.

"Baba, ai da a gaban madubin aka tare hasken tun bai shiga ba, da abin da aka yi don haka. Kai ka bari ya taru sannan ka tare."

"Na gane," in ji Auta. Ya gane ɗin. Ko a shago ba wanda yake tare ruwan narkakken ƙarfe a bakin mazurari. Ya san wannan tun yana saurayi, bai dai taɓa zaton haske ma haka yake ba.

Bayan sati uku ya koma shago. Ya sa hula, ya kunna inji, ya kai sandar walda bakin ƙarfe. Wutar ta tashi, yana ganin haskenta a gefe, amma layin da zai bi yana ƙarƙashin tabon. Ya bi da hannu, da tsohon sabo. Ƙyauren farko da ya gama, mai shi ya dawo da shi a kan amalanke washegari.

"Malam, ba don raini ba, amma ya ƙi rufuwa."

Ya shafa haɗin da yatsa. Ya ji yadda ɗinkin ya bar layi ya hau gefe kamar tafiyar maye. Ya ce a bar shi nan. Na biyu ma ya dawo. Ba a kawo na uku ba. Tela yakan leƙo da kofin shayi ya zauna ya yi ta zuba, amma bai ƙara tsokanarsa da maganar hayaƙi ba, shi kuwa ya fi son a tsokane shi.

Madubin yana can saman rufi. Ba wanda ya mayar masa da buhunsa. Matar Yaya ta ɗaura ƙarshen igiyar shanya a ƙafafunsa, ta ce aƙalla ƙarfen mai kyau ne. Rubutun bango ma yana nan, sai dai Yaya ya daina nuna shi. Ya daina nuna komai. Abinci ma sai in Auta ne ya ba shi yake buɗe baki, shi ya sa yanzu tun safe Auta yake zuwa, tunda ba abin da ke jiransa a shago.

Wata rana matar Yaya tana miƙa wa Auta kwanon shinkafa mai ruwa-ruwa, sai ya riƙe hannunta.

"Ɗigon nan. Faɗa mini yadda yake."

"Na faɗa maka sau nawa?"

"Ƙara."

"Baƙi ne. Zagaye. Ƙarami." Ta zare hannunta. "Ni ban iya irin bayaninsa ba, Auta. Ban ma san me zan duba ba. Ni da ban nema ba ni aka nuna wa."

Ta fita. Ya jawo kujera kusa da gadon, ya ɗebo cokali. In ya kalli Yaya kai tsaye ba ya ganin bakin, sai ya kai cokalin a haɓa ko a hanci. Don haka ya koyi dabara: sai ya kawar da fuska ya kalli bango, ya hango bakin ta gefen ido, sannan ya miƙa. Yaya kuwa idonsa ƙur a kansa, ba ya ɗaukewa. Haka suke yi sau uku a rana, ɗaya yana kallo, ɗaya ya kau da kai. Baƙon da ya shigo dubiya sai ya ɗauka gaba suke yi.